Adakar Kaka cike da hotuna: ta ina zan fara haɗa kundin tuna baya?

"Baba, barka da aiki. Bayan rasuwar kakarmu, da aka zo rabon kaya, ni aka bar wa wata ƴar adaka cike da hotuna, katunan gayyatar biki, takardun lakkwal na iyayenmu, har da guntayen atamfar anko da take ajiyewa. Ina ganin matan waje a TikTok suna haɗa irin waɗannan abubuwa cikin albam mai ado, da sitika da furanni da wasu almakasai masu haƙora. Ina son in yi wa gidanmu irinsa, amma ban san me zan saya ba, ban san ko ana samun kayan a nan Maraɗi ba, kuma abin da ke hannuna bai wuce jikka goma ba. Ta ina zan fara?"
Wata mai karatu daga unguwar Ali Ɗan Sofo

Ɗiyata, Allah ya jiƙan Kaka, ya kai haske kabarinta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. In na fahimce ki, tambayarki gida uku ce: me za ki saya, ina za ki same shi, yaya kuma ake aikin. Akwai ta huɗu wadda ba ki yi ba, ita ce kuwa ta fi damuna, wato yadda za ki yi wannan aiki ba tare da kin ɓata abin da tsohuwa ta yi shekaru tana tattali ba. Na daɗe ina ɗinkin littattafai da yi musu bango a garin nan, kuma albam ɗin da ake kawo mini gyara sun fi waɗanda ake cewa in haɗa sababbi yawa. Akasarinsu ba gara ce ta ci su ba, ruwa ma bai taɓa su ba. Masu su ne suka kashe su da hannunsu, da kol, wato gam, da sikoc, wato salatif, cikin so da ƙauna.

Jikka gomanki ta isa ki fara, in dai ba ki biye wa bidiyo ba.

Abin da ke cikin waya da abin da ke gida

Abin da kike kallo kasuwa ce babba a Amurka. Turawa sun daɗe suna manna guntayen jarida da katuna cikin littafi, amma yayin da ake ciki yanzu ya taso ne bayan wata mata daga jihar Yuta, Marielen Christensen, ta baje kundaye 50 na tarihin gidansu a wani taro a 1980, shekara na zagayowa ta buɗe kantin sayar da kayan aikin. Daga nan kamfanoni suka shigo, kowa da irin nasa almakashi da hatimi da takarda mai zane, har aka tsayar da shafi mai inci 12 kowane gefe, kimanin santimita 30 ke nan. Wasu daga cikin matan da kike gani talla suke yi. Kada zuciyarki ta karaya don ba ki da ɗaki guda na kayan ado.

Mu ma muna da namu gadon a wannan fanni, ya kuma fi nasu hikima a wuri ɗaya. Je ki wajen wani tsohon alaramma ki roƙa ya nuna miki Alƙur'ani rubutun hannu. Warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki ba manni, an haɗa su tsakanin tadarishi, an ɗaure, an sa cikin gafaka. Warƙa ta lalace a zare ta a sake rubuta wata, sauran ba su san an yi ba. Haka ake gadon sa daga kaka zuwa jika. Wannan ita ce ƙa'idar da nake so ki riƙe a duk abin da zan faɗa: duk abin da kika sa a shafi, ya zamana wata rana ana iya cire shi lafiya lau.

Kada ki je kasuwa tukuna

Aikin farko ba ya cin ko dala. Ki shimfiɗa wankakken zane a tsakar ɗaki, ki rufe taga saboda ƙura, ki wanke hannu ki tsane shi sarai, ba mai ba turare, sannan ki fito da kayan a hankali. Hoto ta gefe ake kama shi. Duk inda kika ga allura ko ƙarfen sitefla ko robar ɗaure kuɗi, ki cire, don ƙarfe tsatsa yake yi, roba kuma narkewa take ta manne.

Kada ki zauna rarrabewa ke kaɗai. Ki kira wanda ya fi kowa shekaru a dangi, goggo ce ko kawu, ki dafa shayi, ki kunna wayarki tana ɗaukar murya, ki riƙa miƙa hoto ɗaya bayan ɗaya. Kowane hoto ki ba shi lamba a baya, can gefe, da fensir mai laushi irin 2B, ba tare da dannawa ba, sai ki rubuta lambar a kaye, wato littafin rubutu, tare da abin da aka gaya miki. Ban da bik, wato biro. Bakinsa yana huda hoto har shatinsa ya fito a fuska, tawadarsa kuma tana nasowa ta ɓata hoton da ke ƙasa.

Ki shirya wa alkunya. Tsohuwa za ta ga hoton mijinta ta ce "mai gidan nan ne", ta ga ɗanta na fari ta kau da kai ta ce "wancan yaron". Ko za ki kwana kina tambaya ba za ta kama sunan ba. Sai ki rubuta laƙabin da ta faɗa, ki nemi sunan yanka a bakin wani, ki ajiye duka biyun. Laƙabi ma shaida ne: Ladi, Tani, Balaraba, Ɗanjuma, kowanne ya gaya miki ranar da aka haifi mai shi. Shekara kuwa ba da lamba za a ba ki ita ba, da abin da ya faru za a ba ki. In aka ce "shekarar da soja suka kifar da Diori", 1974 ke nan. "Lokacin El-Buhari", yunwar 1984 ake nufi, sa'ad da aka rufe iyakar Najeriya. "Bayan rasuwar Kountche" ya kama daga ƙarshen 1987. "Da kuɗi suka karye" kuma farkon 1994 ne, lokacin da aka rage darajar sefa. In akwai mai tsawon rai da zai ce miki an haife shi kafin gulbi ya ci tsohon gari, to kafin 1945 yake nufi, shekarar da ambaliya ta sa Maraɗi ta hauro tudu. Ki duba bayan hoto ma, wani lokaci akwai hatimin sutudiyo da kwanan wata. Mata kuma suna da wata hanya tasu: da sun ga zanen atamfar da ke jikin amarya za su ce miki ai wannan yayin bikin wance ne.

Na nace a kan wannan ne saboda wani bawan Allah da ya taɓa kawo mini buhun hotunan mahaifinsa, tsohon ɗan kasuwar gyaɗa, ya ce in haɗa masa albam na gani na faɗa. Na haɗa, bangon fata, ya yi kyau. Da muka zo rubuta sunaye sai muka tarar cikin mutanen da ke ciki bai san ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, ƙanwar mahaifin nasa wadda ta san kowa kuwa ta rasu da azumin da ya wuce. Har yau albam ɗin yana nan da layuka fanko a ƙarƙashin fuskoki. Takarda da kol suna nan a kasuwa ko baɗi, goggonki ce ba ki da tabbas a kanta.

Bayan wannan sai ki zaɓa. Ba duk abin da ke adaka ne zai shiga kundi ba. Hoto biyar na mutum ɗaya a tsaye wuri ɗaya, ɗaya ya isa. Ki ware wanda babu irinsa ko'ina, kamar hoton Kaka tana budurwa ko hoton fasfon wanda ya je Makka, ki kai gidan hoto a ɗauke shi da sikana, aƙalla a kan 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, in ƙarami ne 600, a wanko miki sabo. Sabon za ki yi wa ado, ki yanka in kin so. Na asali kuwa almakashi haram gare shi.

Takarda

Kin taɓa lura da jaridar da aka manta a gaban mota kwana uku? Sai ta yi ja kamar an tsoma ta a ruwan shayi. Takarda mai araha da niƙaƙƙen itace ake yin ta, ba a cire wani sinadari da ke cikinsa mai suna lignin ba. Haske da zafi na taɓa shi sai ya juye, takardar ta yi ja, asid ya yi mata yawa, ta bushe ta riƙa karyewa kamar ganyen rani. Abin haushin, asid ɗin ba ya zama inda yake, yana ratsawa zuwa duk abin da ya jingina da shi. Shi ya sa in an cire guntun jarida daga tsohon littafi ake ganin inuwarsa kwance a shafin. To, hoton da aka manna a kan irin wannan takarda haka yake sha. Zafinmu na bazara, da yake haura digiri 40, ƙara wa abin gudu yake yi.

Abin da za ki nema a kantunan kayan lakkwal da ke kewayen babbar kasuwa shi ne takardar zane mai kauri, irin ta Canson da ake sayar wa ƴan makaranta. Ki duba jikin fakitin abu biyu. Na ɗaya nauyi: takardar fotokofi giram 80 ce, ta yi sirara, ba ta ɗaukar hoto sai ta lanƙwashe, ki nemi daga 160 zuwa sama. Na biyu, in an rubuta "sans acide", wato marar asid, ita ce. In ba a rubuta komai ba, ga gwajin da nake yi: in yanki ƙyalle, in rufe rabinsa da littafi, in bar shi a rana kwana huɗu ko biyar. In rabin da ya sha rana ya yi ja ko ya koɗe, ba ta shiga aikina. Takarda mai launi kuma in jiƙa farin tsumma in goga mata. In launi ya biyo tsumman, ranar da damina ta kama zai bi hotonki. Gidajen buga takardu ma suna da ragowar yanka masu kauri da suke sayarwa da araha, wani lokaci ma kyauta, sai dai su ma a gwada su.

Girman A4 nake ba ki shawara, santimita 21 da 29.7, saboda komai nasa yana samuwa a nan: takardarsa, ledarsa, fotokofinsa. Launi kuwa fari ko ruwan madara. Baƙin shafi yana fito da tsohon hoto baƙi da fari ƙwarai, sai dai rubutu a kansa sai da farin alƙalami, ƙarin kashe kuɗi ke nan.

In kina son sa shafukan cikin leda, ba kowace leda ba. Wadda aka rubuta wa PP, ko lamba 5 a cikin ƴar alamar nan mai kusurwa uku, ita ce mai lafiya. Mai lamba 3, wato PVC, tana da warin sabon takalmin roba, tana kuma yin gumi mai maiƙo da ke ɗebe tawada. Hancinki ya ishe ki rarrabe su.

Manni, inda ake yin ɓarna

A nan zan daɗe, don a nan ake kashe hoto. Sikoc, wanda mutanen Najeriya ke kira salatif, shekara kaɗan yake yi ledar ta faɗi, danƙon ya nutse cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Kol ɗin masu gyaran takalmi da ɗan ƙaramin nan mai kama yatsa, kada ko kusa su zo. Farin kol na kafintoci yana da ruwa da yawa, yana sa hoto ya yi tudu da kwari, in ya bushe kuma an gama, sai dai a yage. Ƙaro, namu na gida da ake sa wa tawada, yana kamawa, amma da hunturu bushewa yake ya farfashe, da damina ya saki. Kamu ko sitaci kuwa, gaskiya ne masu gyaran tsofaffin takardu a gidajen tarihi da kunun sitacin alkama suke aiki, saboda ana iya jiƙa shi a cire. Su suna da ɗakuna masu sanyi da ake tsaro. A ɗakunanmu, kin dafa wa kyankyasai tuwo ne kawai.

Akwai kuma albam ɗin nan mai shafi mai danƙo da leda a sama, wanda aka yi yayinsa a gidajen amare. In akwai irinsa a adakar, za ki ga layukan danƙon sun yi rawaya sun fito a bayan hotuna. Ki gwada zura siririn zare mai santsi a ƙarƙashin kusurwa, kina ja hagu da dama a hankali kamar mai yankan sabulu. In hoton ya taso, madalla. In ya ƙi, ki ƙyale shi a shafinsa ki ɗauke shi da sikana.

Sai injin leda, abin da ake kira filastifiye. Mutane na ganin gata suke yi wa takarda. Da zafi ake narka ledar ta shige jikin takardar, ba kuma a dawowa daga nan. Takardar haihuwa ko ta BEPC ɗin mahaifinki, wato shaidar gama kolej, kada ki yi mata haka. Rasit irin na inji mai santsin nan kuwa da ya shiga baƙi ƙirin zai fito, don da zafi ake rubutu a kansa. Irinsa ko an bar shi ma koɗewa yake, sai a yi masa fotokofi tun yana karantuwa. Guntun jarida ma fotokofinsa za ki sa a shafi, na asalin ya zauna cikin ambulan shi kaɗai.

To da me za a kama hoto? Da kusurwa. Ƴan aljihuna ne guda huɗu masu kusurwa uku, su ake mannawa a shafi, hoton ya zauna cikinsu ba tare da kol ya taɓa shi ba. Ba sai kin saya ba. Ki yanki ƙyallen farar takarda mai kyau, faɗi santimita ɗaya da rabi, tsawo biyar. Ki sa farce a tsakiyar gefen sama, ki lanƙwaso hannun dama ƙasa, ki lanƙwaso na hagu ƙasa su haɗu kafaɗa da kafaɗa, sai ki ga ta fito kamar kan kibiya. Ki juya ta: ga aljihu nan. Ki zura wa hoton guda huɗu, ki shafa kol a bayan aljihunan kawai, ki ɗora a inda kika yi alama, ki danna. Goman farko za su fito a karkace, daga nan hannunki zai faɗa, kina hira kina naɗewa kamar mai tsinken zogale. Wanda ya fi wannan sauƙi, ki yanke kusurwoyin farar ambulan, aljihu ne tun daga masana'anta. Akwai kuma tsaga: a yi alamar kusurwoyin hoto da fensir, a tsaga shafin a karkace a wurare huɗu, a soka. Yana da kyau da sauri, sai dai yana lanƙwasa bakin hoto, don haka ban da tsoho mai ƙarfin karyewa.

Kol ɗin da za ki saya shi ne na sanda, mai murɗawa kamar jan baki, irin UHU. Da shi za ki manna kusurwa da ado da hotunan da kika sake wankowa. Da bazara kafin ki ƙirga goma ya sha iska, saboda haka ki shafa ki ɗora nan take, ki rufa farar takarda a kai, ki murje da bayan cokali daga tsakiya zuwa gefe.

Sauran kaya da bango

Almakashi ɗaya mai kaifi wanda ba a yanka komai da shi sai takarda, ki ɓoye shi daga masu yankan ƙumba da leda. Rula ta ƙarfe, wuƙar yankan takarda mai zarewa, guntun kwali mai kauri da za ki riƙa yanka a kansa, fensir, magogi fari, abin huda takarda. Sai baƙin alƙalami mai siririn baki wanda tawadarsa ba ta jin ruwa. Ki rubuta kalma, ki bari ta bushe, ki ɗiga mata ruwa ki gani kafin ki biya. Shi ke nan. Almakashi mai haƙora in kin samu rarar kuɗi ki saya don marmari, amma mako biyu za ki gaji da shi.

Bango kuwa, kwali biyu masu kauri, kowanne ya ɗara shafi da rabin santimita ta kowane gefe. Ki lulluɓe su da atamfa, wadda aka wanke aka goge. A nan ne farin kol na kafintoci yake da amfani: a shafa shi siriri a jikin kwalin, ba a jikin zanen ba, a shimfiɗa zanen, a rage kusurwoyinsa a karkace, a naɗe baki zuwa ciki, a rufe cikin da farar takarda. A danne da wani abu mai nauyi ya kwana. Bangon gaba ki raba kwalinsa biyu, siririn yanki santimita uku ta wajen ɗauri da babban yanki, ki bar ƴar tazara tsakaninsu kafin ki lulluɓe, don ya riƙa buɗewa kamar ƙofa. Ki huda rami uku, ki zura igiya, ki ɗaure. Gobe in an yi haihuwa sai ki kwance ki ƙara shafi.

Ga wani sirrin sana'a da masu koyo ke mantawa. Hoto da kusurwa suna ƙara wa shafi kauri ta tsakiya, wajen ɗauri kuwa yana nan siriri. In ba ki yi dabara ba kundin zai ƙi rufuwa, ya wage baki kamar kada. Maganinsa, tsakanin kowane shafi da na gaba ki sa siririn ƙyallen takarda mai kauri, faɗin santimita biyu zuwa uku, a huda shi tare da su.

Yadda ake tsara shafi

Shafi ɗaya, labari ɗaya: bikin wance, dawowar Alhaji daga Makka, hawan salla a ƙofar fada, ranar da aka kai ku Madarunfa. Hoto biyu ko uku sun isa, ɗaya ya zama babba, a kuma bar wa rubutu wurinsa tun farko, kada a matse shi a gefe kamar baƙon da ba a gayyata ba. Ki jera komai ba manni, ki matsa wannan ki matsa wancan, in ya kwanta miki ki ɗauke shi da waya, sannan ki kwashe ki fara mannawa kina duba wayar. In kina son hoto ya fito, ki sa masa takarda mai duhu a ƙasa wadda ta ɗara shi da rabin santimita.

Kada ki yanke hoto ki mai da shi siffar zuciya ko ƙwai. Wata ta taɓa kawo mini nata, ta bi duk hotunan ta yanke mutanen ta zubar da bayan, wai tarkace ne. A cikin tarkacen nan akwai zauren gidansu na ƙasa da aka rushe aka yi kanti, akwai tsohuwar Fijo 404 ta mahaifinta, akwai randunan tsakar gida. Yau abin da ƴaƴanta ke tambaya ke nan, ba ta da abin nunawa.

Rubutun ki yi shi da hannunki ko da kina ganin ba shi da kyau, da Hausa kamar yadda aka gaya miki. Wane ne, ina ne, yaushe, sannan magana ɗaya da wani ya faɗa a kan ranar. In goggo ta ce "ranar nan ruwa ya hana a kai amarya sai da asuba", haka za ki rubuta, ki sa sunanta a ƙasa.

Guntayen anko su ne adonki, sun fi duk wata sitika da za a kawo daga waje. Ki yanki kamar tafin hannu, ki kama shi da ɗinki biyu a shafi maimakon kol, ki rubuta bikin wa aka yi da shi. Zanen da aka rina da shuni yana zuba, kada ya fuskanci hoto sai da farar takarda a tsakani. Katin gayyata mai Bisimilla ko aya kuma a sa shi ɗungurungum cikin kusurwa, ba a yanka shi balle guntunsa ya faɗi ƙasa. Wani abu kuma da ba za ki ji a bidiyo ba: kundin nan hannu da yawa zai bi, har baƙi. Hotunan mata na cikin ɗaki, ba lulluɓi, ki tambayi masu su tukuna, ko ki yi musu nasu kundin daban.

In za ki haɗa da hotunan waya, ki sani WhatsApp yana matse hoto in an tura shi yadda aka saba. A turo miki shi a matsayin fayil, ko ki kai wayar da aka ɗauka da ita. Girman 10 da 15 ya wadatar. Ki ce a wanko miki marar ƙyalli, don mai ƙyalli yana riƙe shatin yatsa, yana kuma saurin mannewa in ya ji laima.

Ajiya, da inda hannuna ya tsaya

Kada kundi ya kwana a ƙasa ko ya jingina da bango, hanyar gara ke nan. Kada kuma ya hau saman kabad a ƙarƙashin kwano, inda zafi ke taruwa. Ki naɗe shi da farin zane, ki kwantar da shi cikin adakar nan ta Kaka, ki ɗora ta a kan wani abu. Ƴan ƙunshin nan masu tsaba da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ki tara ki zuba a ciki, laima suke sha. Kafur in za ki sa, ya zauna a kusurwa cikin tsumma, kada ya taɓa hoto. Cikin watan Agusta, in ruwa ya zauna, ki fito da shi ki buɗe shafi shafi a inuwa ya sha iska.

Akwai abin da ba na taɓawa, ke ma ban so ki taɓa. Hoton da ya manne da gilashin firam, ko hotunan da ruwa ya haɗe su suka zama dunƙule. Ina saurayi a sana'ar na taɓa jiƙa irin wannan da ruwan ɗumi, ina ganin zai saki. Ya saki, amma fuskar mutumin ta zauna a jikin gilashin, farar takarda ta biyo hannuna, shi ke nan kuma hoton da iyalinsa suke da shi. Irin wannan a ɗauke shi da sikana ko da kyamara ta bayan gilashin, a bar shi yadda yake. Wanda ya yi furfurar laima kuma ki ware shi cikin ambulan tasa, kada ya harbi sauran.

In kuma a ƙasan adakar kika ci karo da warƙoƙin ajami ko na Larabci rubutun hannu, wasiƙa ce, waƙa ce ko lissafin gado, waɗannan ba kayan albam ba ne, ba kuma aikin irina ba ne. A Yamai, cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen da ke kula da rubuce-rubucen Larabci da ajami, su ne masu wannan aikin. Kafin ki samu mai zuwa, kada ki miƙe naɗinsu da ƙarfi, kada ki canza musu jeri. Ki ɗauki hoton kowace warƙa gaba da baya, ki sa su a kwance tsakanin farar takarda biyu da kwali biyu, ki ɗaure da zare sako-sako.